Baƙon da ba shi da mai masauki

Wata rana a darasin Faransanci, a wani ajin kwalej nan Sassumbrum, muka ci karo da kalmar croisière. Babu ko ɗaya cikin yaran da ya taɓa ganin teku, iyakar saninsu da ruwa shi ne tabkin damina da korama. Sai na bayyana musu cewa tafiya ce ta shan iska cikin wani makeken jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, wanda ke tsayawa da safe a wani gari na bakin teku, matafiya su sauka su kewaya, kafin magariba su koma ciki, gari na wayewa kuma suna wata ƙasa. Wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to in sun sauka, wa ke sauke su?" Na ce babu kowa. Ta ce: "Ashe ba baƙi ba ne." Ƴan aji suka yi dariya, ni kuwa na koma gida da maganar, kuma ita ce nake son mu tattauna da ƴan uwana malamai da ƙungiyoyinmu na raya al'adu: mutumin da ya zo garinku na awa shida, bai kwana ba, bai ci tuwon kowa ba, wane haƙƙi ke kansa, wane kuma ke kanku?

Bari mu fara duba wurin da wannan irin tafiya ta fi ƙarfi. Kozumel tsibiri ne na ƙasar Meksiko, daura da gaɓar Yukatan. A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su kai 100.000 ba, amma a 2019 fiye da mutum miliyan 4 suka sauka can daga jiragen shan iska, galibinsu daga tasoshin Amurka irin su Mayami da Galbeston. Akwai jirgin da aka ƙaddamar a 2024, Icon of the Seas, wanda zai iya ɗaukar fasinja har 7.600. Ke nan jirgi guda ya fi garuruwanmu da yawa jama'a. Matafiyi ya riga ya biya kuɗin ci da kwana tun a gida, don haka ba ya bukatar masauki, ba ya bukatar abincin gari. Tun cikin jirgi ake sayar masa da ziyarar da zai yi a tudu, kamfanin jirgin ya cire kasonsa. In ya sauka, kantunan da ke bakin tashar ne ke fara tarbarsa. Idonsa kuma yana kan agogo, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara. A Mahawal, can kudu, ƙauyen masunta ne aka gina wa tashar musamman a 2001 don waɗannan jirage, har wanda ya ga dama ya yi wuninsa cikin harabar tashar bai taka ƙauyen ba. A ƙarshen 2024 majalisar Meksiko ta amince da harajin dalar Amurka 42 a kan kowane fasinja. Kamfanonin suka tada jijiyar wuya, aka daidaita a dala 5 daga watan Yuli 2025. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ke riƙe da wuƙa da nama.

Mai karatu zai ce ina ruwan ƙasar da ba ta da teku da wannan zance. Ai mu ma an yi mana croisière, da wannan sunan kuwa. A watan Oktoba 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën suka tashi daga Kolom-Beshar ta Aljeriya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka ratsa Sahara, suka bi ta Yamai, suka iso Damagaram kafin shekara ta ƙare, suka wuce Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a Madagaskar cikin Yuni 1925. Faransawa suka sa mata suna Croisière noire, wato sun ɗauki ƙasashenmu teku, garuruwanmu kuma tasoshi. Suna tare da mai zane Alexandre Iacovleff da mai ɗaukar fim Léon Poirier, kuma fim ɗin da aka nuna a Paris a 1926 ya zama idon da dubban Turawa suka fara ganinmu da shi. Bayan rabin ƙarni tseren motoci na Paris-Dakar, wanda aka soma a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Nijar, ya bar mana ƙura da yara masu bin mota suna kiran "kado, kado".

Ni kaina na ɗan ci abinci a wannan kasuwa. Lokacin da nake lise a Damagaram, ƙarshen shekarun 1990, motocin ƴan yawon buɗe ido kan tsaya awa biyu ko uku a hanyarsu ta zuwa Agadas. Mu masu ɗan Faransanci mukan raka su cikin Birni, mu kai su ƙofar fadar sarki, mu nuna musu gidaje masu zane. Wata rana wani dattijon Bature ya tambaye ni ma'anar zanen da ke fuskar wani zaure. Abin da na sani shi ne ado ne, maigida ya sa magini ya yi masa don a san ya wadata. Amma na lura irin wannan amsa ba ta gamsar da su, sai na ce masa maganin aljanu ne. Ya ji daɗi, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ba ni jika guda. Ƙaryar nan tawa ta tafi Turai cikin aljihunsa, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa ya faɗa wa. Bai zalunce ni ba, ni ma a lokacin ban ɗauka na zalunce shi ba. Gaggawarsa ce ta haɗu da bukatata suka haifi ƙarya.

A nan ne maganar ɗalibata ta yi nauyi. A al'adarmu baƙunci alkawari ne tsakanin mutum biyu. Ayarin da ya zo Damagaram daga arewa a Zango yake sauka, bayan ganuwar Birni, kuma kowane falke yana da mai masaukinsa: shi ke ajiye masa kaya, shi ke samo masa mai saye, shi ke tsaya masa in an yi rigima, shi kuma ake tuhuma in baƙon ya yi ɓarna. Baƙo a nasa ɓangaren yana gaida mutane, yana cin abin da aka ba shi, yana kiyaye sirrin gidan da ya kwana, in zai tafi ya yi sallama. Musulunci ya ƙarfafa wannan da ya sa wa liyafar baƙo kwana uku. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma ita raɓa ai kwana take yi, ta jiƙa ciyawa kafin rana ta ɗauke ta. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya iso Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, ya yi fiye da wata guda, yana jin Hausa, yana ƙarƙashin amanar masu gari. Ko da muna da abin faɗa game da waɗanda suka aiko shi, shi dai ya zauna inda za a iya tambayarsa, a gyara masa in ya yi kuskure. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, shi ma da ya ba da labarin Turawa da Hausa, labarin mutanen da ya zauna da su ya bayar.

Baƙon jirgi ya fita daga wannan alkawari. Ba ya bin kowa bashin ruwan sha, ba mai binsa bashin gaisuwa. Abin da ya rage tsakaninsa da gari shi ne ido da kuɗi: shi yana kallo, su suna sayarwa. Illar haka ta kasu biyu. Shi mai kallo yana komawa gida da yaƙinin ya san Meksiko ko ya san Nijar, alhali abin da aka shirya masa ya gani. An ce gani ya kori ji, amma ganin awa shida yakan kori jin da ya fi shi gaskiya. Su kuma waɗanda ake kallo, a hankali sukan koyi zama abin da ake son gani. Rawar da ake yi don biki sai ta koma ta ƙarfe goma na safe saboda lokacin ne mota ke isowa. Yaron da aka koya wa tarar baƙo da ruwa sai ya tare shi da tafin hannu.

Sai dai adalci bai yarda in tsaya nan ba. Mai albashi irina yana da sauƙin raina kuɗin ɗan yawon buɗe ido, tun da ba da shi yake sayen hatsi ba. A tambayi mutanen Agadas. Shekaru da dama direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa da masu dafa abinci suna rayuwa da baƙin da ke zuwa kallon Ayar da Tenere. Tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit cikin Satumba 2010 suka kore su, har lokacin da UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013 ba sauran masu zuwa kallo sai ɗaiɗai. Wasu direbobin suka koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, dokar 2015 ta haramta, sai a Nuwamba 2023 aka soke ta. Haka Kozumel ta ɗanɗana da annobar korona ta tsayar da jirage daga Maris 2020 har tsakiyar 2021. Wanda ya ga tasha ba jirgi ba zai ce baƙon awa shida ba shi da amfani ba. Kuma ba kowane fasinja ne attajiri ba. Akwai mai ƙaramin ƙarfi da ya yi shekaru yana tari don ya ga teku sau ɗaya kafin ya mutu. Son ganin duniya ba laifi ba ne, mu ne ma muka ce tafiya mabuɗin ilmi.

Wani abu kuma ya ƙara hana ni ɗaga murya. Da na je wani taron ƙara wa juna sani a Kotonu, aka kai mu Ganbiye, garin da aka gina kan ruwan tafkin Nokuwe. Awa biyu muka yi cikin kwalekwale. Na ga wata mata tana tuƙa nata da jariri a goye, na ɗaga wayata zan ɗauke ta hoto, sai ta ja faifan hularta ta rufe fuska. Ban yi mata sallama ba, ban san sunanta ba, ban tambaye ta ba. Ni da na yi shekaru ina jin haushin Baturen da ke ɗaukar hoton iyayenmu mata a bakin rijiya, ga ni na zama shi cikin ƙiftawar ido. A ranar na gane cewa wannan hali ba na wata launin fata ba ne. Duk wanda ya zauna a kujerar mai wucewa, da abin ɗaukar hoto a hannu da agogo a wuya, zai iya faɗawa ciki.

Saboda haka ban ga dalilin cewa a hana gajeriyar ziyara ba. Abin da na gani shi ne gajartar lokaci ba ta sauke haƙƙi. Mai awa shida yana iya yin sallama kafin ya ɗaga kyamara, ya haƙura in an ƙi. Yana iya wuce kantunan bakin tasha ya sayi abu a hannun wanda ya ƙera shi, ba tare da ya matse shi a ciniki kan abin da bai kai kuɗin shayinsa ba. Mafi wuya kuma, in ya koma gida ya faɗi iyakar abin da ya gani: ya ce na wuce ta gari kaza, kada ya ce na san mutanen. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma makahon da ya san da makantarsa shi ke neman ɗan jagora.

Namu haƙƙin ya fi wannan nauyi, domin mu ne za mu zauna da abin da ziyarar ta bari. Ƙungiyar al'adu da ke shirya wasa ko baje kolin sana'a don baƙi, ko na waje ko jami'an da ke zuwa daga Yamai su yi wuni ɗaya, ta tambayi kanta ko abin da take nunawa haka yake a gida, ko kuwa an gyara shi ne don a tafa. A bambance abin da ake sayarwa da abin da ba na sayarwa ba, a kuma bar masu abin su yanke wannan hukunci da kansu. Mu malamai kuma mu koya wa yara tarihin garinsu da kyau, da Hausa da Faransanci, har ya zamana in baƙo ya tambaye su ma'anar zane sun san amsa, kuma suna da ƙarfin zuciyar ba da ita ko da ba ta kawo jika ba. Yaron da ya san darajar zauren kakansa shi zai iya zama mai masauki ko na awa biyu ne, ya tarbi mutum da shimfiɗar fuska, ya karɓi ladan aikinsa ba tare da ya yi bara ba.

Mako na zagayowa na koma ajin na gaya wa ɗalibata cewa ta yi gaskiya, amma da saura: wanda ba shi da mai masauki bai cika baƙo ba, sai dai laifin yana iya zama nasa, yana iya zama na kamfanin da ya ɗauko shi, yana kuma iya zama na garin da ya daina sauke mutane ya koma sayar musu da kallo. Sannan na ba su aikin gida: kowa ya je wurin wani tsoho a unguwarsu ya tambayo yadda ake sauke fatake a da, ya rubuto da Hausa. Cikin abin da suka kawo akwai sunayen gidaje uku da har yanzu ake kira gidan baƙi, waɗanda ni kaina ban san da su ba. Allah ya sa mu iya riƙon amanar wanda ya zo mana, da ta wanda muka je wa.