Ƙaddara da Murfin Giranda

A yawancin shagunan walda da na sani, abin da ake fara yi wa sabuwar giranda shi ne a kwance murfin da ke kare faifai, a jefa shi ƙarƙashin benci. Wai yana tare ido, kuma yana hana a ɗaura babban faifai. In ka yi magana, maigidan shago ya ce, "Malam, abin da Allah ya rubuta ba makawa." Shi ke nan, an rufe maka baki, don wa zai yi jayayya da ƙaddara?

Ni ma ba na jayayya da ita. Abin da ke damuna shi ne wanda ke faɗin maganar, da wanda ke riƙe da injin.

Ƙaramar giranda tana juya faifai kusan sau 11,000 a minti ɗaya. Gefensa yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. In faifan na da tsaga, ko ya maƙale a cikin ƙarfe, fashewa yake yi, kuma fuskar da ta fi kusa ita ce ta yaron shago, ɗan shekara goma sha huɗu da uwarsa ta kawo ta ce ga amana. Shi ne ke duƙe, da silifas, ba tabarau. Shi ne kuma ke riƙe wa maigida ƙarfe lokacin walda, yana kau da kai yana satar kallo. Hasken nan ba ya ciwo nan take. Sai tsakar dare yaro ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, a ce ai kowa da haka ya koya.

Addinin da ake fakewa da shi kuwa ya shiga har cikin yadda ake riƙe makami. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi (SAW) ga mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya damƙe tsininsu, kada ya yanki wani. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hanin miƙa takobi tsirara. Ranar Uhudu sulke biyu Annabi (SAW) ya sanya, shi da ya fi kowa tawakkali. Sulken ma, ai Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda da aka tausasa masa ƙarfe, aka koya masa ƙera shi. Maƙerin da ya kamata masu walda su yi alfahari da shi, kayan kariya yake yi.

Ga inda nake ganin hujjar maigida ta rushe gaba ɗaya. Kisan kuskure ƙaddara ne, amma shari'a ta ɗora diyya a kansa. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san yatsa ɗaya raƙuma goma ne, ido ɗaya hamsin. Da ƙaddara tana wanke sakaci, da ba a yi wannan lissafi ba. Malikiyya har lamuni suka ɗora wa mai sana'a a kan kayan mutane da suka salwanta a hannunsa. Tela ya biya shaddar da ya ɓata, amma idon ɗan mutane ya tafi a "Allah ya kiyaye gaba"?

Na san uzurin talauci, kuma ba ƙarya ba ne: gilashin walda na gaske da safar hannu kuɗi ne, ciniki kuma ba kullum ba. Sai dai rabin abin ba ya cin ko sisi. A zare filogi kafin a canza faifai. In an ɗauke wuta a kashe makunni, kada a kawo ta injin ya zabura a ƙasa tsakanin ƙafafu. A duba ƙotar guduma, a gyara kan kurfi in ya baje. Koya wa sabon yaro wannan ba zai ci wa maigida rabin yini ba, murfin kuma yana nan ƙarƙashin benci, sukurunsa ɗaya ne.