Ɗan Dawuda Ko Ɗan Maryamu?



Jama'a masu karatu, tambayarmu ta wannan mako ita ce: ta wace ƙofa mutum ke shiga zuriya? Ta jini, ko ta doka? Babu inda wannan tambaya ta fi tsanani kamar a kan Annabi Isa, alaihissalam, wanda mu da Kirista muka yarda ba shi da uba cikin 'yan Adam.

Annabi Yakubu yana da 'ya'ya maza 12, daga gare su ne ƙabilun Bani Isra'ila suka fito. Na uku shi ne Lawi, kakan Musa da Haruna, gidan da ya riƙe aikin firistoci. Na huɗu shi ne Yahuza, kakan Annabi Dawuda, gidan sarauta. A babi na 49 na littafin Farawa an ba da labarin cewa Yakubu ya yi wa Yahuza albishir da sandan mulki. Daga nan Yahudawa suka zauna jiran Almasihu daga gidan Dawuda, Kirista kuwa suka ce wanda ake jira ɗin shi ne Isa.

Saboda haka Linjilar Matiyu ta buɗe da salsala tun daga Ibrahim, kashi 3, kowane kashi zuriya 14, ta bi ta kan Sulaimanu. Luka kuma, a babi na 3, ya bi ta kan wani ɗan Dawuda mai suna Natan, ya kai har Adamu. Amma fa duka biyun a kan Yusufu kafinta, mijin Maryamu a faɗarsu, suka sauka, alhali duka biyun sun ce budurwa ce ta haihu. Ko sunan mahaifin Yusufun ma ba su daidaita ba: Matiyu ya ce Yakubu, Luka ya ce Heli.

Kada mai karatu ya zaci malamansu ba su lura ba. Tun ƙarni na 3 wani masaninsu, Yuliyus Afirkanus, ya ce Yakubu da Heli 'yan uwa ɗaya ne, ɗaya ya mutu bai haihu ba, ɗayan ya auri matarsa bisa dokar Attaura, ɗan ya zama na wannan ta jini, na wancan ta doka. Waɗansu suka ce Luka salsalar Maryamu ya kawo. Mafi yawansu dai sun tsaya a kan cewa tun da Yusufu ya karɓi yaron ya raɗa masa suna, ya gadar masa da gidan Dawuda.

A nan ne muka rabu. A shari'armu riƙo ba ya sauya nasaba. Suratul Ahzabi ta umarta a kira ɗan riƙo da sunan ubansa, har Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana jingina shi ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Alƙur'ani bai ambaci Yusufu kafinta ko sau ɗaya ba. Ya jingina Isa ga mahaifiyarsa, ita kuma ga Imrana.

To, ita Maryamu wace ƙabila ce? Gaskiya, mu ma malamanmu sun saɓa. Ibn Ishaƙ ya kai salsalar Imrana ga Sulaimanu ɗan Dawuda, watau Yahuza. Suddi kuwa ya ce kiranta 'yar'uwar Haruna a Suratu Maryam na nufin daga zuriyarsa take, watau Lawi. Abin sha'awa, Luka ma ya ce ita 'yar'uwar matar Zakariya ce, wadda jikar Haruna ce.

Ni a ganina, ba a bukatar aro wa Isa uba kafin a shigar da shi gidan annabawa, domin uwa ma ƙofa ce. An ruwaito Hajjaju ɗan Yusufu, gwamnan Iraƙi, ya ƙalubalanci Yahaya ɗan Ya'amar ya kawo hujja daga Alƙur'ani cewa Hasan da Husaini zuriyar Manzon Allah ne, tun da ta wajen Faɗima suka fito. Yahaya ya karanta masa ayoyin Suratul An'ami da suka lissafa Dawuda da Sulaimanu, har suka zo kan Isa, cikin zuriyar Ibrahim. Sa'an nan ya tambaye shi, ta wajen wane uba Isa ya shiga? Hajjaju, duk da zafin takobinsa, ya amsa masa cewa ya yi gaskiya.