Zarto da Dutse: Wa ke Yankan?

Dutsen aƙiƙ, wanda ake ƙawata zobe da abin wuya da shi, ya fi ƙarfen wuƙa tauri. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, aƙiƙ na kusa da mataki na 7, daimon na 10, wuƙa kuwa tana wajen 5 da rabi. Saboda haka zarton kafinta ba ya cin sa, sai dai haƙoran su dakushe. Mai son yankan duwatsu don sha'awa yakan nemi zarto mai faifai marar haƙora, wanda aka manna wa garin daimon a baki. Faifan yana cin dutsen ne da guga a hankali, ruwa ko mai na zuba a kansa don kada zafi ya tsaga dutsen, kada kuma ƙurar ta shiga huhu. Siririn faifai ya dace da dutse mai tsada domin ba ya ɓarna, mai kauri kuwa na babban dunƙule ne.

A Imanan, ƙasar Abzinawan Bonkuku da ke cikin Dallol Boso, da kasuwar Lahadi ta Filinge a Kurfai, an san aikin maƙera masu dasa dutse a azurfa. Jan dutsen aƙiƙ da ya cika adon Sahel ya daɗe yana zuwa a yanke daga Kambay ta ƙasar Indiya, daga baya kuma, a ƙarni na 19, daga Idar-Obashtain ta Jamus. Dutse mai laushi ne maƙeri ke iya sarrafawa da magagari.

Wannan aiki ya taɓo tsohuwar mas'ala ta tauhidi. Almajirin da ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san matsayin Ash'arawa: wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, wuta ba ta ƙonawa da ɗabi'arta, Allah ne ke halittar yankan a lokacin da wuƙa ta haɗu da abin yankawa. Imamu Gazali ya riga ya kafa wannan hujja da misalin wuta da auduga. To in haka ne, me zai sa mutum ya wahala wajen zaɓen zarto?

Amsar tana cikin abin da malamai ke kira hukuncin al'ada. Allah ya gudanar da duniya bisa tsari mai maimaituwa, wanda ake ganewa ta hanyar gwaji. Kullum daimon na cin aƙiƙ, kullum ƙarfe na gazawa. Wanda ya ɗora zarton katako a kan dutse yana cewa ya dogara ga Allah ya jahilci al'adar da Allah ya shimfiɗa, kuma asarar tasa ce. Riƙon sababi aikin hankali ne, abin da aka hana shi ne jingina masa iko na kansa.

Da wannan ma'auni ake duba ɗaya ɓangaren, wanda ya fi nauyi. Mutane da yawa na rataya jan dutse da imanin yana tsai da jini ko yana kare kambun baka. Ado dai halal ne: Muslim ya ruwaito daga Anas cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne, idonsa kuma na Habasha. Amma hadisan falalar aƙiƙ, masana hadisi sun raunana su, kuma gwaji bai tabbatar da tsarin ba. Sayyidina Umar ma, a gaban Hajarul Aswad (Baƙin Dutse), ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Annabi ne ya sa yake sumbatarsa. Zarto yana da shaidar gwaji, Baƙin Dutse yana da shaidar nassi, dutsen tsari kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.