Hanyoyin Neman Abinci ga Limamin da Ya Sauka a Baturiya

Limanci a Musulunci aiki ne da jama'a ke ɗora wa mutum, kuma ana iya sauke masa shi. Babu keɓewa ta har abada irin wadda Cocin Katolika ke yi wa fada. Limamin da ya yi murabus, ko tsufa ya ci ƙarfinsa, ko sarki ya tuɓe masa rawani, sahu yake komawa ya bi wani, karatunsa kuma yana nan a ƙirjinsa. Saukar ba ta rage masa komai a addini, amma takan taɓa tukunyar gidansa.

Tun asali malaman fiƙihu ba su ɗauki limanci a matsayin sana'a ba. A Muhtasar na Halil, wanda malaman Malikiyya na ƙasar Hausa ke dogaro da shi, an karhanta karɓar lada a kan jan salla kaɗai, an kuma halatta shi a kan kiran salla. Mazhabar ta yarda da ladan koyar da Alƙur'ani, haka nan abin da ya fito daga baitulmali ko waƙafi. Imamu Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne. Sayyidina Abubakar ma, bayan an yi masa mubaya'a, kasuwa ya nufa da hajarsa, sai da sahabbai suka yanka masa abin da zai riƙe iyali.

A Baturiya, cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Jihar Jigawa, wannan tsari bai canza sosai ba. Limamin ƙauye galibi ba shi da albashi, balle fansho. Zakkar hatsi da kaka, da ɗan abin da ake miƙa masa wajen ɗaurin aure da raɗin suna, su ne rabonsa, kuma ranar da ya sauka yawancinsu sukan koma ga magajinsa. Gona ce mafakarsa ta farko: shinkafa a fadama, sannan noman rani na tattasai da albasa da alkama. Sai dai fadamar ba yadda kakanninsa suka san ta take ba. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda Kogin Haɗejiya ke kawo ruwa, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ambaliya irin ta 2022 kuma ta cinye gonaki. Noman rani yana son injin ban ruwa da fetur da taki da ƙarfin jiki, abubuwan da dattijo ya fi rashi. Mai ɗan jari yakan shiga fataucin bandar kifi zuwa kasuwar Haɗejiya, inda amanar da aka san shi da ita ke sa a ba shi kaya bashi.

Hanyar da ta fi dacewa da shi ita ce ta ilimi. Ƙasar Haɗejiya ta yi suna wajen tsangayu da gwanaye, kuma alaramman da ya bar masallaci yakan samu sukunin rubuta Alƙur'ani da hannu. Yakan feƙe alƙalamin kara, ya rubuta baƙaƙe da baƙar tawada a kan falle-fallen takarda, ya dawo ya sa wasali da ja bisa ruwayar Warshu, ya ƙawata alamar hizifi da ta sujada. Aiki ne na watanni, daga nan a duba, a ɗinka masa gafaka, a sayar. Wanda ya iya lissafin gado kuwa ba ya rasa masu sallama a zaurensa, haka mai iya sulhu tsakanin manomi da makiyayi idan shanu suka sauko fadama da rani.

Aikin gwamnati shi ne mai wuyar samu. Koyarwa a firamare tana buƙatar takardar NCE, alƙalanci yana buƙatar shaidar karatun shari'a irin wadda kwalejin Ringim ke bayarwa. Shari'ar da Jigawa ta ƙaddamar a 2000 ta buɗe ƙofofi a Hisba da kwamitocin zakka, amma ba su isa kowa ba. Gwanin da ya rubuta Alƙur'ani da ka sau da yawa yakan tsaya a bayan ƙaramin yaro mai takarda, kuma wannan tauye haƙƙi ne a fili.

Idan waɗannan hanyoyi suka toshe, talauci yakan tura wasu ga duba da tsibbu, ko zaryar gidajen 'yan siyasa da sunan addu'a. Fiƙihu ya riga ya tanadi mafita: tsohon limamin da ba shi da abin yi yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma ya halatta a yi wa masallaci waƙafin gona a shardanta cewa amfaninta zai ci da liman mai ci da wanda ya sauka.