Kunun aya na gida da na sayarwa

Duk shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara, gardamar kunun aya sai ta tashi a garinmu Zandam. Wasu magidanta sun rantse ba sa shan na gora, sai wanda aka haɗa a gida, don ba su san hannun da ya taɓa shi ba. Wani maƙwabcina ma ya kai maganar ga addini: wai na sayarwa shubuha ne, barinsa tsantseni. A nan muka rabu da shi.

A duba abin da ake kira na gidan. Ayar dai daga kasuwa take, wata ma daga ƙasar Maraɗi ta Nijar, inda ake nomanta har a fitar da ita Sifaniya, mutanen Balansiya su yi nasu kunun da suke kira horchata. Dabino da kwakwa da citta da kanumfari duk saye ne. Bayan ayar ta kwana a jiƙe, an rairaye tsakuwa, yaro ake ba bokiti ya kai inji, injin da ya gama markaɗa tattasan wani gida da waken awarar wani. Ƙanƙarar ma sayowa ake yi, tunda kunun ba ya kwana sai da sanyi. Hannun uwargida shi ne na ƙarshe kawai. Sauran hannuwan fa, wa ya tantance su? Kuma maƙwabcin nawa yana shan shayi da madarar gari ta leda bai taɓa tambaya ba, alhali da yawanta an cire mata man shanu an maye shi da man itatuwa.

Malamai sun karantar da mu cewa asalin abinci halal ne da tsarki, sai in dalili ya bayyana. A Sahihul Buhari akwai hadisin Nana A'isha, inda wasu suka tambayi Annabi (SAW) game da naman da ake kawo musu ba su san ko an ambaci sunan Allah wajen yanka ba, sai ya umarce su su yi bismillah su ci. Nama ke nan, mai sharuɗɗan yanka, balle aya da ruwa. Zargin Musulma da ƙazanta ba tare da ka gani ba sunansa mummunan zato, ko da an lulluɓe shi da rigar tsoron Allah.

Masu na gida kan kawo cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Gaskiya ne, amma maganar sana'a ce. Wadda ta fi shiga wannan falala ita ce matar da ke cikin kulle, ta tashi tun asuba ta tace aya ko ta tafasa madarar waken suya har ƙarninsa ya fita, da ribar take sayen sabulu da littafin 'ya'yanta. In kowa ya ƙaurace mata, me za ta ci?

Nauyin gaske yana kan mai sayarwa. An san labarin yarinyar Madina da ta ƙi bin umarnin mahaifiyarta na zuba ruwa a nono, Sayyidina Umar yana ji daga waje, ya aurar da ita ga ɗansa Asim. Jikanta shi ne Umar ɗan Abdul'aziz, halifa daga shekara ta 99 zuwa 101 bayan hijira. Algus na yau ya wuce ƙarin ruwa: sakarin a madadin sukari, gorar da aka tsinto ba a wanke ba, kunun jiya da ya fara tsami a gauraya da na yau. Amai da gudawa kuwa ba baƙo ba ne a Jigawa da damina. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ya bari, wannan sani ne, kuma kare lafiya wajibi ne.

Ni a gidana ana yi in da hali, don ya fi auki ga mai iyali. Ran da babu, mu aika maƙwabta. 'Yan uwa mata masu wannan sana'a, ku tafasa ruwa, ku wanke gora, wanda ya kwana kuma ku faɗa wa mai saye.