Babi A Kan Mai Tanadi Da Mai Ɓoye Hatsi A Lokacin Fari

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, almajiri ne kai ko falke, ka sani in sama ta ɗauke ruwa, gero ya ƙone a tsaye, mutum biyu ake samu da rumbu cike: mai tanadi da mai ɓoyo. Rumbunansu iri ɗaya ne, hukuncinsu kuwa ya sha bamban.

Dubi Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya tara hatsi a shekarun yalwa 7, aka bar shi cikin zangarniyarsa don kada ya ɓaci. Da shekarun tsanani 7 suka zo, sai ya buɗe, ana auna wa mutane, har da 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya. Mai ɓoyo kuwa, wanda malamai ke kira muhtakiri, yana bin kasuwanni ranar ƙunci, ya kwashe ɗan abin da ya rage, ya kulle, yana jiran kuɗin mudu ya ninka. Ɗaya ya rufe ƙofa ranar ƙoshi ya buɗe ranar yunwa, ɗayan ranar yunwa yake rufewa.

In ka ce, "Dukiyata ce, riba kuma halal ce," gaskiya ka faɗa. Malaman Malikiyya ba su hana sayen hatsi a ajiye ba matuƙar bai cuci kasuwa ba, ba su kuma hana manomi ajiye amfanin gonarsa ba. Amma sun ce in yunwa ta kai ga larura, shugaba yana tilasta wa mai rarar abinci ya fito da shi ya sayar, domin rai yana gaba da riba.

A Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, Halifa Umaru, Allah ya yarda da shi, ya rantse ba zai ci man shanu ba sai jama'a sun samu, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo abinci Madina.

Ƙasarmu ma ta ɗanɗana. An yi yunwar Kakalaba a 1914. A farin 1973 dabbobin Fulani da na Buzaye suka zube, Tafkin Cadi ya janye, mutanen arewa suka gangaro Kano da Katsina da Sakkwato suna neman abin kai wa baki. A Nijar, zargin karkatar da hatsin agaji yana cikin dalilan da sojoji suka kafa da suka kifar da gwamnati a 1974.

Ga ma'auni, ka auna kanka da shi. In hadari ya haɗu, jama'a suna murna, kai kuwa gabanka ya faɗi saboda buhunan da ka ajiye, to ka shiga sahun masu ɓoyo. Yaya za ka fita sallar roƙon ruwa, harshenka yana amin, zuciyarka tana ƙi? Yi maza ka buɗe, ka sayar da sauƙi, ka cika mudu, ka jinkirta wa mai bashi.

Kai kuma almajiri, kada ka ce ba ka da rumbu. Ƙoƙonka shi ne rumbunka. In ka samo, ƙaraminku bai samo ba, a kansa za a tambaye ka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga cin ribar yunwar bayinsa. Allah ne mafi sani. Tammat.