Ɗana, Ka Koyi Yin Shiru a Gaban Ubangiji

Ɗana, ƙwazonka a ikilisiya yana faranta mini rai. Ba ka fashin addu'ar dare, kuma in an ce taron matasa, kai ne a gaba. Amma ka amsa wa kanka wannan tambaya: yaushe rabonka da ka zauna kai kaɗai, waya a kashe, baki a rufe, ka saurari Ubangiji? Mun iya roƙo, mun iya ɗaga murya har lasifika ta cika unguwa, sauraro ne ya gagare mu. Yesu kansa, lokacin da mutanen Kafarnahum ke ta nemansa, tun da asussuba ya fita zuwa inda ba kowa ya yi addu'a, kamar yadda Markus ya faɗa a sura ta 1. In shi ya bukaci haka, ina ga ni da kai?

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ranar da ka fara, yaƙi za ka tarar kafin salama. Dubi Antoni na ƙasar Masar, wanda aka haifa wajen shekarar 251. Iyayensa sun rasu yana saurayi, suka bar masa gonaki da ƙanwa. Wata rana a majami'a ya ji ana karanta labarin saurayin nan mai dukiya na Matiyu 19, ya ji kamar da shi ake. Ya rabar da abin da ya mallaka, ya danƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya keɓe kansa. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa, ya nuna cewa tunani ne ya fara afka masa: dukiyar da ya bari, ƙanwar da ya baro, daɗin abinci, sa'an nan sha'awar jiki.

Kai ma da wuya ka yi minti biyar ba ka tuna bashin da ake binka ba, ko baƙar maganar da wani ya yaɓa maka, sai ka ga hannunka yana laluben waya ƙarƙashin matashi. Kada ka tashi. Ruwan rafi in an zuba shi a randa, sai ya kwanta ake ganin yawan lakar da ke ciki. Fushin nan da tsoron nan sun daɗe a zuciyarka, hayaniya ce ta rufe su. Duk wanda ya taso, ka kira shi da sunansa, ka miƙa shi ga Ubangiji, ka koma ka zauna. Antoni ya yi kusan shekara 20 a wani kangon sansanin soja a hayin kogin Nilu, kuma da ya fito wajen 305, waɗanda suka gan shi sun yi mamakin lafiyar jikinsa da natsuwarsa.

Yanzu ka buɗe kunne da kyau, domin nan ne matasa da yawa ke tuntuɓe. Ba kowace murya da ka ji a cikin shiru ce ta Allah ba. Akwai muryar son zuciyarka, akwai ta tsoro, akwai ta Shaiɗan, wanda har da ayar Zabura ya jarabci Yesu. Da "Allah ya ce mini" an fasa aure, an bar aiki ba shiri, har an laƙa wa tsohuwa maita. Kafin wannan magana ta fito daga bakinka, ka gwada abin da ka ji.

Ka fara da Littafi Mai Tsarki. Allah ba ya warware abin da ya riga ya faɗa. Muryar da ta ce ka riƙe ɗan'uwanka a zuci, ko ka raina iyayenka, ko ka ɗauki kanka sama da sauran masu bi, ba tasa ba ce, komai daɗinta.

Sa'an nan ka duba abin da ta bari a zuciyarka. Antoni ya koya wa almajiransa cewa zuwan abin da ke na Allah yakan kawar da tsoro ya bar natsuwa da farin ciki, na magabci kuwa da ruɗani da firgita da karayar zuciya yake zuwa. Allah yakan tsauta, har ka yi kuka, amma tsautawarsa takan nuna maka zunubi takamaimai da ƙofar tuba. Muryar da ke cewa kai ba kome ba ne, taka ta ƙare, ka rufe mata kunne. Ka tuna Iliya. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa, ya tabbata shi kaɗai ya rage. Abin da Allah ya fara ba shi abinci ne da ruwa da barci. Sai a Horeb, bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, ya yi masa magana a hankali, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su rusuna wa Ba'al ba. Saboda haka kada ka yanke babbar shawara kana cikin gajiya ko baƙin ciki. Ka ci, ka huta, ka jira.

Daga nan ka kai maganar gaban dattijo mai tsoron Allah. Sau uku yaro Sama'ila ya ruga wurin Eli da dare, kuma Eli ne ya gane wanda ke kira, ya koya masa yadda zai amsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. In ka ji kana so ka ɓoye abin ga fastonka da duk mai iya ce maka a'a, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi shakka.

Kuma kaɗaicin kirki yakan komo da kai cikin mutane. An sallami Iliya daga Horeb ya je ya keɓe Elisha. Antoni ya baro jeji a 311 ya shiga Iskandariya don ya ƙarfafa Kiristocin da aka tsare lokacin tsanani. In shirunka bai sa ka ƙara haƙuri da mutanen gidanku ba, da sauran aiki.

To, gobe ka fara. Ka tashi kafin gida ya tashi, ka bar waya a wani ɗaki, ka karanta Zabura ɗaya sannu a hankali, ka yi shiru na minti 15. Ko za ka yi watanni ba ka ji kome ba, kada ka fasa, kada kuma ka ƙirƙiro wa kanka murya. Abin da ka riga ka sani daga Littafi, shi za ka yi biyayya da shi yau. Ubangiji ya kiyaye ka, ɗana, ya ba ka kunnen ji da zuciyar biyayya.